Mace-macen fursunoni a Amurka: wa ya fi mutuwa?

Dan'asabe: Jama'a, da gaske ne baƙaƙen fata maza sun fi tsira da rai a kurkukun Amurka fiye da a waje?

Malam Ilu: Haka binciken Evelyn Patterson na 2010 ya nuna, daga jihohi 29, 1985 zuwa 1998. A cikin kurkuku da wuya a samu harbin bindiga ko hatsarin mota, kuma tun 1976 kotun ƙoli ta wajabta duba lafiyar fursuna. Fararen fata maza kuwa sun fi mutuwa a ciki fiye da a waje.

Hajiya Kande: Malam, ƙara da mata: kurkuku bai rage musu mutuwa ba. Kuma sai an daidaita shekaru kafin a kwatanta, in ba haka ba tsufa ya ɓata lissafin.

Malam Ilu: Gaskiyarki, Hajiya. Abin takaici ne.