Shawarwarin 'yan'uwa kan tsayayya da jarraba

'Yan'uwa masu bi da suka tattauna yadda ake tsayayya da jarraba sun fi nanata abu ɗaya: jarraba tana da lokacinta. Takan zo da dare, ko mutum ya gaji, ko yana jin yunwa, kamar yadda Shaiɗan ya tunkari Yesu bayan azumin kwana 40. Saboda haka ka san lokacin rauninka, ka ajiye waya nesa da gado.

Sha'awar jiki kuwa ba a tsayawa gardama da ita, gudu ake yi, kamar Yusufu da ya bar rigarsa a hannun matar maigidansa ya gudu sa'ad da ta neme shi. Ka haddace ayoyi uku na Littafi Mai Tsarki, har da Yaƙub 4:7 da ke cewa a yi tsayayya da Shaiɗan, ka riƙa furta su da baki. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne ɓoyewa, domin zunubi a ɓoye yake ƙiba. Nemi amintaccen ɗan'uwa, ku riƙa addu'a tare kowane mako.