Yaushe maƙwabtakar amino asid ta zauna muku a kai?

Ɗalibar aji uku daga Mabera:
Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Bayokemistiri nake karantawa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, jarabawa saura mako biyu, kuma akwai wurin da ya tsaya mini a wuya. Littafi ya ce furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, kowanne da lambarsa a jeri, kuma a cikin kaimotiripsin, furotin ɗin da ke taimakawa wajen narkar da abinci, amino asid uku ne ke haɗa hannu su yanka wani furotin: histidin na 57, aspatet na 102, da serin na 195. Na haddace lambobin tsaf. Amma ta yaya na 57 da na 195 za su zama maƙwabta, alhali akwai sama da guda ɗari a tsakaninsu? Ba bayanin littafi nake nema ba, shi ne a gabana tun jiya. Ina son duk wanda abin ya taɓa zauna masa ya faɗa mini ranar da ya gane, da abin da ya sa.

Malamin sakandare daga Wurno:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni a masallaci abin ya zo mini, ba a aji ba. Bayan la'asar ina riƙe da carbi, aka zo gaisawa, sai na dunƙule shi a tafin hannu. Da na buɗe, ga ƙwayar farko kwance a kan wata da ke can kusan ƙarshe. Zare bai tsinke ba, jerin bai sauya ba, amma wa ke taɓa wa ya sauya gaba ɗaya. Tun ranar nake gaya wa ɗalibaina maƙwabci iri biyu ne: na zare, da na dunƙule. Na 57 da na 195 ɗinki maƙwabtan dunƙule ne.

Sai dai carbi yana da ha'inci ɗaya. Kowace dunƙulewa dabam take fitowa, furotin kuwa kullum naɗi ɗaya yake komawa. Wani masani, Christian Anfinsen, ya nuna haka da wani furotin, ribonukiliyes, mai amino asid 124. Ya warware shi da sinadari, ya cire sinadarin, furotin ya sake naɗe kansa yadda yake. Amino asid mai suna sistayin guda takwas ne a ciki, ana iya haɗa su bibbiyu ta hanya 105, amma hanya guda ɗaya tak yake zaɓa. A kan wannan ya sami kyautar Nobel a 1972.

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini, uwar mai sikila:
Ƙanwata, ni ba jarabawa ta koya mini ba. Shekara da shekaru ina rubuta wa mutane AS da SS a takarda, ban taɓa tsayawa na tambayi mene ne S ɗin ba, sai da aka rubuta wa ɗana na biyu. Wani dare cikin hunturu muna asibiti, yana kuka da ƙafafu, na kasa barci, na ɗauko waya na fara karatu kamar mai neman wanda za ta kama da laifi.

Ga abin da na tarar. Himogulobin shi ne furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, kuma sarƙarsa ta beta amino asid 146 gare ta. Guda ɗaya ne ya sauya, na shida: inda ya kamata gulutamik asid ya zauna, balin ne ya zauna. Gulutamik asid yana da caji, ruwa abokinsa ne, don haka zama a bayan furotin bai dame shi ba. Balin kuwa kamar ɗigon man gyaɗa yake, ba ya shiri da ruwa. An ajiye shi a waje, inda ruwa ya kewaye shi, dole ya nemi wurin ɓuya. Idan jini ya sauke iskar oksijin, akwai wani ɗan gurbi a jikin himogulobin, tsakanin fenilalanin na 85 da lusin na 88, su ma masu gudun ruwa. Nan balin yake cusa kansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba gurbin gidansu yake shiga ba, na himogulobin ɗin da ke gefe ne. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi.

Sannan na gane dalilin da ya sa yaron ya yi watanninsa na farko lafiya lau. Himogulobin ɗin jarirai, wanda muke rubutawa F, ba ya shiga wannan jerin. A wuri na 87, daf da gurbin nan, gulutamin gare shi maimakon tiriyonin, kuma wannan yana daga abin da ke ɓata haɗuwar. Sai da F ya fara raguwa wajen wata shida ciwo ya bayyana. Maganin haidurokziyuriya da likita ya ɗora shi a kai, babban aikinsa ƙara yawan F ɗin ne. Tun da na fahimci haka ban ƙara bari ya tsallake rana ba, ko da kuɗin ya yi wuya.

Malamin sakandare daga Wurno:
Allah ya ba shi lafiya, Hajiya, ya sa kaffara ne. Ki lura ƙanwata, wasu mutanenmu himogulobin C suke ɗauke da shi. Wuri na shida ɗin dai ne, amma laisin ne ya zauna, shi kuma yana da caji, ba ya neman gurbin ɓuya. Shi ya sa ciwon CC bai kai na SS tsanani ba.

Ɗan aji huɗu, mai gardama:
Malam, da girmamawa, kar mu sa ta raina maƙwabcin zare. Ni nan na yi asarar maki. Aka ce a zana naɗin alfa, wato inda zaren furotin ke murɗewa kamar sifirin, na haɗa kowane amino asid da wanda ke binsa. Ashe haɗin haidurojin daga na ɗaya zuwa na biyar yake tafiya, na biyu zuwa na shida, haka har ƙarshe, don zagaye guda yana cin guda 3.6. Na zo gida na naɗa igiyar guga a jikin taɓarya, na ɗiga tawada a jere, sai ga ɗigo na ɗaya da na biyar kusan a saman juna. Kuma na kusa da kai a zare shi ke hana ka juyawa yadda ka so, abin da taswirar masani Ramacandaran ta 1963 ke nunawa ke nan. Saka amino asid furolin a tsakiyar naɗin ki ga yadda zai karye, don ba shi da haidurojin ɗin da zai bayar.

Ɗan gidan majema:
Ni hwa ban yi nisa da wanga karatu ba, difloma ta kimiyyar ɗakin gwaji niy yi, amma cikin jima munka tashi. Tun ina yaro nike ganin Baba shina jiƙa fatar jan akuya cikin ruwan bagaruwa. Fatar da ba a jeme ba, in ta sha ruwa ruɓewa takai, in ta bushe ta ƙame kamar faranti. Wadda ta sha bagaruwa kuwa sai ta shekara goma tana jaka. In na tambayi Baba mi ya sa, sai ya ce haka munka gada.

Ranar da malami ya zana kolajin, furotin ɗin fata da ƙashi, a allo, tsigar jikina ta tashi. Igiya ce mai tufka ukku, irin wadda muka sani. Ya ce kowane amino asid na ukku gilaisin ne, mafi ƙanƙanta cikin ashirin ɗin, don tsakiyar tufkar ba ta da wurin da babba zai shiga. In wani mai jiki ya maye gurbin gilaisin ɗaya, tufka ta yi kumburi a wurin, kuma akwai ciwon da ke sa ƙashin yara karyewa da sauƙi wanda daga nan yake tasowa. Sinadarin tanin na cikin bagaruwa shi ko shiga yake tsakanin zaruruwan, ya kama nan ya kama can, ya kore ruwa daga wurin. Da na koma gida na kwashe bayani na faɗa ma Baba. Ya saurare ni har na ƙare, ya ce to madalla, ɗauko mini waccan fatar kafin rana ta faɗi.

Kuma in kina son ganin akasin haka, dubi farfesun ƙafar sa. Wuta ta warware tufkar, romo ya kwana ya daskare. Kolajin ɗin dai ne.

Mai awara a Runjin Sambo:
Ku yi haƙuri da shigowata cikin masu ilimi, ƙanena ne ya nuna mini hirar. Ni dai na san in na tafasa madarar waken suya, ba ta kamawa sai na zuba ruwan tsami. In na yi hannu da yawa ta yi gautsi, in na rage ta ƙi haɗuwa. Shi ne ya ce wai furotin ɗin duk caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, suna ture juna, tsami ne ke kashe cajin su rungumi juna. To ni shekara takwas ina kashe caji ban sani ba.

Ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini:
Yaya, gaskiya ƙanenki ya faɗa, kuma haka nono ke kamawa ya zama kindirmo. Ke kin fi mu ganin abin da ido.

Ɗalibar aji uku daga Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya mai ɗorewa. Daren jiya na ari kwamfutar ƙawata mai PyMOL, manhajar duba siffar furotin, na sauko da tsarin himogulobin S mai lamba 2HBS, na shafa wa balin na 6 ja, na 85 da na 88 kuma kore. Na fi minti ashirin ina juya shi kafin na ga jan ya shige cikin koren na wancan ɓangaren. Har na tashi ƙawar tawa daga barci, ta zage ni tas. Yanzu saura kaimotiripsin. Yaya mai gardama, igiyar gugar taka tana nan? Gobe bayan lacca ta ƙarfe goma ina bakin ɗakin karatu, ka taho da ita, ni zan zo da tawada.