Esin motata ya daina sanyi, a taimaka da shawara

Abban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Don Allah wa ya san mai gyaran esi na ƙwarai cikin garin ga na Sakkwato? Corolla ce 2008, sati biyu da sunka wuce anka zuba mata gas, yanzu iska mai zahi kawai take hurowa, ga Afrilu ya kama.

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam. Yoyo take, ba wani abu.

Kawu Arkilla: Ɗana kada ka ƙara ba kowa kuɗin gas sai an gano inda yake hita. Gas ɗin esi ba ya ƙonewa kamar fetur, cikin tiyo yake zagayawa a rufe, in ya ƙare to akwai inda ya bi. Bara wani yaro ya yi ta zuba min yana karɓar kuɗi, daga baya ya ce kwamfiresa, wadda ke tura gas ɗin, ita ta mutu, na sayo wata 'yar Kwatano anka ɗaura, kwana kaɗan zahi ya dawo, na koma ya ce wai zahin Sakkwato ne ke shanye gas, ka ji hwa. Sai wani dattijo ya ɗura naitirojin, ya dama ruwan omo a gwangwani yana shafawa da soso bisa kowace mahaɗa, muna tsaye sai ga kumfa tana tashi daidai inda tiyo ya haɗu da kwandensa, wannan mai kama da lagireto da ke gabanshi. 'Yar roba ce kamar zobe ta bushe ta tsage. Ya nuna min baƙin maiƙo da ƙura ta manne a wurin, ya ce gas tare da man kwamfiresa yake hita, shi ya sa inda ke yoyo ke yin wanga dauɗa. Kwamfiresata ta farko lahiyarta lau, tana nan ajiye a gida.

Ɗan Mabera: Kawu ka sayar min da ita mana 😂

Kawu Arkilla: Kai da ko mashin ba ka da shi?

Maman Sultana: Ni tawa in mun hau hanyar Tambuwal sanyi har sai yara sun ce a rage, amma da na tsaya cikin cunkoso wajen kasuwa shi ke nan.

Injiniya: Hajiya taki wataƙila ba gas ba ne. A duba fankar lagireto ko tana juyawa in an kunna esi, a duba fiyus da rile. Kuma ƙurar hunturu tana toshe kwandensa, a wanke ta da ruwa a hankali kada a lanƙwashe haƙoranta.

Bashar Kwannawa: Ku sauke gilashi ku huta, iskar Allah kyauta ce

Maman Sultana: A zahin da ya haura 40? Allah shi kyauta.

Abban Hanifa: Ni kuma lokacin da take sanyi ina ganin ruwa na ɗiga ƙarƙashin motar, ko shi ne yoyon?

Injiniya: A'a, wannan raɓar esi ce, haka ya kamata. Sai in ka ga ruwan a ƙafar mai zaman gaba, to bututun hitar da shi ya toshe. In an shafa omo ba a ga kumfa waje ba, a zuba kalar da ake haskawa da fitila, wataƙila ibaporeta ce, wadda ke sanyaya iskar cikin dashbod, ita kam sai an kwance gaban motar duka. Motarka gas mai suna R134a take sha, adadin yana rubuce jikin sitika a ƙarƙashin boneti, ka ce a zuƙe iskar cikin tiyo da injin zuƙa tukun, a ga ko allurar geji ta tsaya, sannan a auna a zuba.

Bashar Kwannawa: Wa ke aunawa a nan? Hannu suke sawa a bakin iska su ce ya yi

Injiniya: To shi ya sa kwamfiresoshi ke mutuwa, gas ya yi yawa ma ɓarna ce.

Abban Hanifa: Na gode. Kawu ina dattijon yake zama?

Kawu Arkilla: Wajen Buzaye, bari in nemo lambar yaronshi bayan la'asar.

Ɗan Mabera: Jama'a an kawo wuta wajenku kuwa?