Wane suna za mu sa wa adrenal? Ni dai na tsaya kan "hular ƙoda"

1. Watan jiya na raka ƙanwata asibiti. Fuskarta ta kumbura ta yi zagaye, cikinta ya fito, hannaye da ƙafafu kuwa sun rame. Likita ya duba ta, ya ce sai an gwada adrenal ɗinta. Ta juyo ta ce, "Yaya, mene ne kuma wannan?" Na ce wani abu ne a kan ƙoda. Jin kalmar ƙoda kawai sai ta fashe da kuka, a zatonta wankin ƙoda za a fara mata. Tun ranar nake neman sunan da zai fi wannan.

2. Adrenal guda biyu ne, ɗaya a saman kowace ƙoda, kowanne bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Ƙanƙanta ne, amma aikinsu babba. Ɓangaren waje yana fitar da kotisol, wanda ke riƙe jiki lokacin ciwo ko wahala, da kuma aldosteron mai daidaita gishiri da hawan jini. Na ciki shi ke fitar da adirinalin, abin da ke sa gaba ta faɗi idan mutum ya firgita.

3. Wani abokina ya ce a kira shi "kaluluwar ƙoda". Ban yarda ba. Bahaushe ya san kaluluwa a hammata ko a matsematsi, kuma tana fitowa ne idan akwai ciwo. Ka ce wa tsohuwa kowa yana da kaluluwa a ƙodarsa, ka tayar mata da hankali a banza. "Kitsen ƙoda" ma bai yi ba. Gaskiya ne kitse ya lulluɓe shi, amma shi ba kitse ba ne.

4. Saura "hular ƙoda". Zamansa ke nan, ya hau kan ƙoda kamar hula a ka. Abin da ya fi burge ni shi ne kowa ya san hula daban, kai daban. Da haka na faɗa wa ƙanwata, da ta gane ƙodarta lafiya lau take. Sunan Turawan ma daga Latin yake, ma'anarsa "kusa da ƙoda", to mu namu ya fi nasu nuna siffa.

5. Gwaje-gwajen ma suna son suna. Wanda aka yi mata shi ne ɗibar jini da misalin ƙarfe 8 na safe, lokacin da kotisol ya fi yawa: "gwajin jinin safe". Akwai wanda ake yin allura a sake ɗibar jini bayan minti 30 da minti 60 don a ga ko hular za ta amsa, wannan "gwajin zaburarwa". Akwai na shan ƙwaya da ƙarfe 11 na dare a auna da safe, "gwajin dannewa". Sai tara fitsari na awa 24.

6. Kada a ce ciwon hular ƙoda cutar Turawa ce. Lokacin da likita Thomas Addison ya bayyana mutuwar hular ƙoda a Landan a 1855, tarin fuka ne babban sanadi, kuma tarin fuka bai bar mu ba. Ita ƙanwata maganin ƙiba ta daɗe tana sha, ashe da dezametason a ciki, magani mai aiki irin na kotisol. Jiki ya ga ana kawo masa daga waje, sai hular ta daina aiki. Likita ya ja mata kunne kada ta yanke maganin lokaci guda, sai a hankali, domin yankewar na iya kisa.

7. Mahauta nake so su yi magana, musamman na Sakkwato da Damagaram. Idan kun feɗe rago kuka zo wajen ƙoda, wannan ɗan naman da ke cikin kitsen sama, me kuke ce masa? In akwai sunan da iyayenku suka bari, na janye nawa.