Littafi ko fim? Abin da aka tattauna a taƙaice

Ƴan uwa na Maradi, muhawarar da aka yi kan mayar da littafi fim ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda fim ba ya ɗauke littafi dukansa. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, fim na awa biyu shafi 120 ke nan. Dole a yi yanka: ƙawayen amarya uku su koma ɗaya, tafiyar wata guda ta zama fitowa biyu.

2. Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne zancen zuci. Marubuci zai cika shafi uku da tunanin mace a ɗakinta. Mai fim in ya rasa dabara sai ya ɗora murya a sama tana karantowa, ko ya cusa waƙa. Masu sana'ar suka ce a nuna shi da aiki: ta ɗauki kwanon tuwo, ta ajiye ba ta ci ba.

3. Shiri mai dogon zango matsalarsa jan labari, ana ƙara rigimar kishiyoyi don a cika makonni.

An rabu a kan Sarauniya, littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da Med Hondo ya mayar fim a 1986. Wasu sun ce yaƙin Lugu, inda Sarauniya ta kara da sojojin Faransa, ya fi tsoratarwa a allo. Wasu na ƙorafin a Burkina Faso aka ɗauke shi, ƙasar Arewa ta Nijar, inda Lugu take, ba ta fito ba. Ni dai ina tare da na biyun.

Wanne za a fara, karatu ko kallo? Nan ma ba a daidaita ba.