Muhawara: a soke kundin babi biyar a sashen kwamfuta, a auna ɗalibi da abin da ya gina kawai?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi magana, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri. Kundin nan mai babi biyar da ake ɗora wa 'yan ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta ba ya auna komai. A soke shi. Ɗalibi ya zo da manhajar da ya gina, a kunna ta gaban malamai, in ta yi aiki a ba shi makinsa, in ta ƙi ya koma ya gyara. Nakan zauna cikin masu tantance sabbin ma'aikata a wurin aikinmu, ban taɓa jin wani ya ce a miƙo kundin yaro a duba ba. Tambayar kullum ita ce, ina shafinka na GitHub, dandalin da masu gina manhaja ke ajiye kod ɗinsu?

Dakta: Wa alaikumus salam. Injiniya, da mudun kamfaninku kake auna jami'a. Mu ba masu buga kod kaɗai muke yayewa ba. Wanda zai tafi digiri na biyu yana cikinsu, wanda zai rubuta wa ma'aikata rahoton dalilin da ya sa za ta sayi wannan tsari ta bar wancan shi ma yana ciki. Wanda bai iya bayyana abin da ya yi a rubuce ba, ni ina shakkar ya san abin da ya yi.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, mu faɗa wa juna gaskiya. Ka shiga ɗakin ajiye kundaye na kowane sashe ka ɗauko goma. Tsarin kula da bayanan asibiti, tsarin ɗakin karatu, tsarin biyan kuɗin makaranta, duk da kayan gini iri ɗaya, PHP da MySQL, duk a kan XAMPP da ke kunna su cikin kwamfutar ɗalibi, babu wadda wani mahaluki ya taɓa amfani da ita. Babi na biyu kuwa tarihin kwamfuta ne tun daga kan Charles Babbage. Wa ya karanta? Tela ba ya yaye yaronsa don ya rubuta tarihin keken ɗinki, riga yake ba shi ya ɗinka.

Mai Shago: Ku ba ni dama, don ni a bakin ƙofar makaranta nake zaune, kuma ta hannuna ake buga kundayen nan a yi musu bango. Injiniya, ba nan gizo ke saƙar ba. Kana tsammani rubutu kaɗai ake saya? Manhajar ma sayenta ake yi, har ta fi rubutun sauƙi. A canja suna a sama, a canja tambari da launi, shi ke nan ta zama ta wani. In ka soke rubutu ka bar manhaja, rabin kasuwar kawai ka rufe, ɗaya rabin zai ƙara tsada.

Hajiya: Kai ma kana sayarwa ke nan?

Mai Shago: Hajiya, ni bugu da bango nake yi. Amma ina da ido. Kuma tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, masu sayarwar ma kuka suke yi, don yaro zai zauna a ɗaki ya samo babin da kod ɗin a dare ɗaya.

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ce abin ya shafa kai tsaye, don ina tsakiyar nawa. Da farko ina bayan Yaya Injiniya ɗari bisa ɗari, yanzu kuma raina ya rabu biyu. Aikina tsari ne da zai riƙa aika wa iyaye mata saƙon tes da Hausa yana tuna musu ranar rigakafin yaransu. A kan kwamfutata komai lafiya lau. Da na haɗa shi da masu tura saƙo na gaske, sai na ga kuɗina na ƙarewa ninki uku na abin da na lissafa. Ashe saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne kawai in duk haruffan suna cikin jerin da tsarin GSM ya tanada, kuma ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin jerin. Da zarar ɗaya ya shiga, sai saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, in kuma ya wuce haka a yanka shi gida-gida, kowane gida harafi 67. Saƙona mai harafi 150 sai ya zama saƙo uku. Ga shi wasu ƙananan wayoyi da na gwada, akwati suke nunawa a gurbin harafin. Sai da na zaɓa: in cire lanƙwasar haruffan, ko in gajarta saƙon, ko in biya ninki uku.

Injiniya: To kin gani, ƙanwata? Gini ne ya koya miki wannan, ba babi na biyu ba.

Dakta: Tsaya, kada ka yi saurin ɗaukar ta a matsayin shaidarka. 'Yata, wanne kika zaɓa, kuma me ya sa?

Auta: Na gajarta, Malam, na kuma sake zaɓen kalmomi yadda masu lanƙwasa za su ragu, sauran na rubuta su ba lanƙwasa. Na karanta wa wasu mata a unguwarmu samfuri biyu don in ga wanda suka fi ganewa.

Dakta: Madalla. Abin da kika faɗa yanzu shi ne babi na uku da na huɗu. Injiniya, in an bi shawararka, a ranar kare aiki za a danna maɓalli, saƙo ya shiga waya, a tafa. Wanda ya sayo tasa manhajar shi ma saƙonsa zai shiga, a tafa masa. Ina bambancinsu? Bambancin yana cikin wannan zaɓi da ta yi da dalilinta, kuma manhaja ba ta nuna dalili. Ɗalibin da zai zo baɗi da irin wannan aiki, in bai tarar da shi a rubuce ba, sai ya sake ƙona kuɗinsa kamar yadda ta ƙona.

Injiniya: Wannan shafi uku ne, Malam. A ajiye shi kusa da kod ɗin kamar yadda ake yi ko'ina a duniya. Me ya kawo shafi saba'in da sadaukarwa ga kakanni? Linus Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ya fara Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991, Google kuma daga aikin ɗalibai biyu a Stanford ya fito. Da an tsare su da babi biyar da yanzu suna neman sa hannun sufabaiza.

Dakta: Ka kawo misalan da suka fi ƙarfi a wajena. Torvalds ɗin nan da kansa ya rubuta kundin digirinsa na biyu a kan Linux, a 1997. Larry Page da Sergey Brin na Google kuwa sun wallafa takardar bincike a 1998 suna bayyana yadda injinsu ke aiki. Kuma dabarar da suka jera shafuka da ita ta samo tushe daga wani tsohon ilimi na masu nazarin wallafe-wallafe, inda ake auna darajar takarda da yawan takardun da suka ambace ta. Suka mai da shi kan shafukan intanet. Wato sun karanta abin da na gabansu suka yi. Amfanin babi na biyu ke nan in an yi shi da gaske. Lalacewar da ya yi a hannun ɗalibanmu laifinmu ne mu masu dubawa.

Hajiya: Ni bari in shigo ta wata ƙofar. A sashen ajiye bayanan marasa lafiya nake aiki. Auta, lambobin wayar matan nan da ranakun haihuwar 'ya'yansu, a ina kike ajiye su, kuma sun san kin ajiye?

Auta: Anti, a rumbun bayanai da ke kwamfutata. Na gaya musu da baki.

Hajiya: To ki nemi amincewarsu a rubuce, ki kuma kulle rumbun. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kuma bayanan lafiya suna cikin waɗanda dokar ta ware a matsayin masu tsananin buƙatar kariya. Injiniya, ka ga inda ma'auninka na "ta yi aiki ko ba ta yi ba" ya gaza? Manhaja za ta iya yin aiki sumul alhali tana karya doka. Kuma mu da muke gadon manhajojin da wasu suka gina suka yi gaba, mu muka san azabar tsarin da ba a bar masa ko layi ɗaya na bayani ba. An taɓa kawo mana irinsa, mai shi ya bar ƙasar, muka koma kan takarda da biro.

Injiniya: Na karɓi wannan, Hajiya. Amma har yanzu ba ki kare babi biyar ba, bayani kika kare.

Shugaban Aji: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni a ganina kuna faɗa kan rubutu alhali ciwon yana wajen zaɓen matsala. Muna zuwa horon aiki na SIWES wata shida, shirin da asusun horar da ma'aikata na ITF ya faro tun 1973 don ɗalibi ya ga aiki da idonsa. Mu dawo, sai a liƙa jerin batutuwa a allo a ce kowa ya ɗauka. Me zai hana a ce kowa ya dawo da matsala ɗaya daga inda ya yi horon, kuma wani daga can ya sa hannu cewa an gwada abin a wurinsu? Masu son bincike kuma ga bayanan Hausa a buɗe kyauta, irin muryoyin Common Voice na Mozilla da tarin saƙonnin NaijaSenti na 2022. Ba a sayar da irin wannan aiki a bakin ƙofa tukuna.

Mai Shago: Tukuna dai.

Dakta: Shawara ce mai kyau, amma ku san halin da muke ciki. Malami ɗaya ana jibga masa ɗalibai fiye da yadda zai iya karanta aikinsu, ga koyarwa ga makin jarrabawa. Yajin aikin 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, bayansa aka yi ta matse zangon karatu. Mai jarrabawa na waje yakan zo ya ga ɗalibai masu yawa a yini guda. Sa'annan batun sokewa ma bai taso ba a yanzu, don a 2025 gwamnatin tarayya ta ɗaura tafiya hidimar ƙasa da ɗora kundi a rumbun NERD, ma'ajiyar bayanan ilimi ta ƙasa. Abin da ke hannunmu shi ne rabon maki da yadda ake kare aiki. Tsarin darussan da hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disamban 2022 ya fitar da fannin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, ya kuma bar wa jami'o'i kashi 30 cikin 100 su tsara da kansu. Ƙofar gyara a buɗe take, sai dai a bi ta sashe, a je tsangaya, a kai majalisar jami'a.

Mai Shago: Ranka ya daɗe, in ba ku dabara kyauta ko da za ta rage wa maƙwabtana ciniki? Turnitin da kuke duba satar rubutu da shi kamannin rubutu yake kamawa, ba ya kama rashin sani. Ranar kare aiki, kada ku ce yaro ya nuna muku. Ku ce ya canja. Ƙara mana gurbin lambar waya a wannan fom ɗin, ya shiga rumbun bayanai, ya fito a rahoto, ga minti goma. Wanda ya gina da hannunsa zai yi yana hira da ku. Wanda ya saya ba zai ma san fayil ɗin da zai buɗe ba. Na sha ganin mai zuwa da gudu a canja masa sunan sufabaiza a fuskar manhajar da ya ce shi ya rubuta.

Hajiya: A haɗa da tarihin aikin a Git, tsarin da ke ajiye canje-canjen da aka yi wa kod da lokacinsu. Wanda ya yi wata da watanni yana gini, sawunsa zai nuna. Wanda komai ya faɗo a dare ɗaya, sai ya yi bayani.

Injiniya: Wannan na yarda da shi, kuma in za a gayyaci mutanen waje su zauna a kwamitin, ni zan zo ba ko sisi. Amma ina nan kan bakana: a ba manhaja da wannan gwaji kaso mafi tsoka, rubutu kada ya wuce shafi ashirin, babi na biyu ya koma shafi biyu na ayyukan da suka yi kama da naka da inda suka gaza.

Dakta: Shafi biyu ba za su isa ba, kuma ba zan yarda rubutu ya faɗi ƙasa da rabin maki ba. Gwajin canji a gaban kwamiti dai zan kai shi taron sashe mai zuwa. Shafukan kuma mu ci gaba da ja.

Auta: Malam, don Allah in an amince a fara da 'yan baɗi.

Dakta: Da ku za a fara, 'yata. Ki je ki kawo min takardar amincewar matan nan kafin Alhamis.