Wutsiyar jirgina ta rinjayi hanci: in sa darma ko in sake aiki?

Sabon Maƙeri ya rubuta:

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina harhaɗa ƙaramin samfurin jirgin Piper J-3 Cub da katakon balsa, a ma'aunin 1:6. Faɗin fukafukan jirgin na ainihi mita 10.74 ne, saboda haka nawa ya kama santimita 179. Na gama gangar jiki da fukafuki da wutsiya, na ɗaura injin lantarki da farfela, amma ban lulluɓe shi da leda ba tukuna. Jiya da na ɗora shi a kan yatsu biyu daidai inda zanen ya nuna cibiyar nauyi, sai wutsiyar ta sunkuya har ta taɓa tebur, kuma bai daidaita ba sai da na ja yatsuna baya zuwa santimita 11 daga gaban fiffike. Shin in zuba darma a hanci in huta, ko kuwa akwai kuskuren da ya kamata in koma in gyara? Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki.

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka yi dabara da ka auna tun kafin ka sa leda, domin ledar za ta ƙara tsananta matsalar, kasancewar mafi yawanta a bayan cibiyar nauyi take faɗawa. Daga gaban fiffikenka zuwa bayansa kusan santimita 27 ne, kuma a irin wannan miƙaƙƙen fiffike ana so jirgi ya daidaita tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na wannan faɗin, wato wajen santimita 7 zuwa 8. Santimita 11 ya haura kashi 40, kuma jirgin da ya tashi a haka zai riƙa ɗaga hanci da kansa, ya ƙi bin umarnin rimot, sannan ya rikito.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Cub gajeren hanci gare shi, kuma abin da ke daidaita na ainihin shi ne nauyin injin Continental mai ƙarfin doki 65 da ke gabansa. Ina kyautata zaton zanenka an yi shi ne domin injin mai, wanda ya fi injin lantarki nauyi nesa ba kusa ba. Daga cibiyar nauyi zuwa wutsiya ya ninka tazarar da ke tsakaninta da hanci kusan sau uku, ma'ana duk giram 10 da ya yi yawa a wutsiya sai ka biya shi da giram 30 a hanci. Don haka ka fara da wutsiyar. Ka ɗauki samfefa ka goge duk inda gam ya taru ya daskare, musamman idan da epoxy ka manna ta, domin wannan gam mai nauyi wurinsa allon da ke riƙe inji da mahaɗar fukafukai, sauran wurare kuwa ɗigon gam mai saurin kamawa ya wadatar. Ka duba ƙaramar tayar baya ma. Na taɓa cire wata mai ƙarfe na sa mai sauƙi, sai darmar da nake bukata ta ragu da rabi. Bayan haka ka tura batir gaba iyakar inda zai shiga, ka matso da ƙananan injinan da ke jan filafilai zuwa gaban ɗakin matuƙi. Darma ita ce matakin ƙarshe.

Mai Rimot ya amsa:

Malam Tsohon Hannu ya faɗi gaskiya, sai dai ina da ɗan saɓani a kan tsoron darma. Cub yana da yalwar fiffike, giram 50 ko 60 a hanci ba zai hana shi tashi ba, alhali wanda ya goge wutsiya fiye da kima yana iya raunana ta ta karye a sama. Idan nauyi ya zama dole, na fi son a sa batir mafi girma, tunda shi nauyi ne da ke ƙara mintunan tashi. Idan kuma darmar ce, a ɗaure ta da kusa mai zare a jikin allon inji, kada a liƙa ta a murfin hanci, domin girgiza tana ɓamɓare ta.

Wani abu kuma, lokacin da za ka ja ledar da dutsen guga, ka yi sama da ƙasan fiffike bi da bi, in ba haka ba zafin zai murɗe maka katakon. Ni na yi wannan kuskuren, jirgin ya riƙa karkata hagu, na yi ta zargin rimot har mako biyu kafin na hango murɗewar daga bayan wutsiya.

Sabon Maƙeri ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lallai da epoxy na manna wutsiyar gaba ɗaya, kuma da na goge na sake ɗora ta a sikeli, giram 14 ya fita. Na huda allon farko na cikin gangar jiki na tura batir gaba da santimita 4, yanzu yana daidaita a santimita 8 da rabi. Zan sa leda a ƙarshen mako in sake aunawa da batir a ciki. Tambayata ta gaba ita ce ko in karkatar da injin dama kaɗan, domin zanen bai nuna hakan ba.

Tsohon Hannu ya amsa:

Ka karkatar da shi dama da digiri 2, ƙasa ma kamar haka, ta hanyar sa wasa, wato siririn zoben ƙarfe da ake sa wa kusa mai zare, a bayan ƙafafun injin. Kuma a tashin farko ka bar cibiyar nauyin a santimita 7, daga baya ka ja ta baya sannu a hankali idan ka ga yana yawan sunkuyar da hanci wajen sauka.